Darasin da Ke Bayan Katangar Makaranta: Koyar da Hikimar Gida a Birnin Kudu da Gwaram

Hikimar gida ita ce ilimin da mutanen wani wuri suka tara tun kaka da kakanni game da ƙasar da suke nomawa, da ruwan da suke sha, da dabbobin da suke kiwo, da yadda ake zaman lafiya da jama'a. Ba a cika samunta a littafi ba. Tana cikin sunayen itatuwa da ciyayi, tana cikin karin magana da tatsuniya, tana hannun maƙeri da mai saƙar tabarma, tana cikin yadda yaro ke rusunawa ya gai da na gaba da shi. A kudancin Jihar Jigawa, daga Birnin Kudu zuwa ƙasar Gwaram da garuruwanta irin su Sara da Fagam da Basirka da Farin Dutse, wannan ilimi yana da yawa. Yankin yana kuma da abin da ba kowane sashe na ƙasar Hausa ke da shi ba, wato duwatsu masu ɗauke da zanen hannun mutanen da suka rayu tun kafin a fara rubuta tarihin wurin. Abin da ke gaban malamai da iyaye shi ne yadda wannan dukiya za ta shiga aji, ta zama darasi mai tsari, ta kuma amfani yaron da zai zauna jarrabawa ɗaya da yaran Legas da na Inugu.

Makarantun da suka riga boko

Kafin zuwan boko, yaro a wannan yanki yana ratsa makarantu huɗu, ko da yake ɗaya ce kawai ake kira makaranta. Ta farko gida. A hannun uwa da kaka da goggo ake koyon gaisuwa, da kunya, da kara, da cin abinci da hannun dama, da sanin mutanen da ba a kiran sunansu kai tsaye. Da dare kaka ko babbar yaya ta buɗe tatsuniya, yara su amsa, Gizo da Ƙoƙi su shigo. A nan yaro ke fara gane cewa wayo yana da iyaka kuma haɗama tana da sakamako, a nan kuma yake koyon jera labari daga tushe har ƙarshe ba tare da zare ya kuɓuce masa ba. Ta biyu sana'ar gado: ɗan maƙeri ya fara da zuga, ɗan wanzami da ɗaukar zabira, ɗan makiyayi da tsaron maruƙa, kowa kuma da bin uba gona. Ta uku makarantar allo, inda ake farawa da babbaƙu da farfaru har a kai ga hadda, wanda ya zarce kuma ya shiga littattafan fiƙihu a zauren malam. Ta huɗu dandali, mai gaɗa ga 'yan mata, da langa da kokawa ga samari, da kacici-kacici ga kowa, da tashe idan azumi ya kwana goma.

Ƙarfin wannan tsari a bayyane yake. Yaro yana koyo da hannunsa, cikin harshen da yake mafarki da shi, daga mutumin da ya san gidansu. Rauninsa ma a bayyane yake. Yawancin ilimin ba a rubuce yake ba, saboda haka duk tsohon da ya rasu ya tafi da wani sashe nasa. Gado ya killace shi, ɗan manomi ba ya shiga maƙera, kuma abin da aka koya wa namiji daban yake da na mace. Makarantar zamani tana iya cike waɗannan giɓi biyu, domin tana da rubutu kuma ƙofarta a buɗe take ga ɗan kowa.

Abin da boko ya ɗauka da abin da ya bari

Shigar da al'ada cikin karatun boko ba sabon abu ba ne a Arewa. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, kuma tana da sashen sana'o'in hannu. A shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubutun 1933 wadda ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni, waɗanda 'yan firamare da yawa suka tashi da su. Birnin Kudu kanta ta daɗe da boko. Kwalejin gwamnati da ke garin ta yaye fitattun mutane, ciki har da Aliko Ɗangote. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, lokacin yankin yana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991.

Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi cewa a koyar da yaro a azuzuwan farko na firamare da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke magana da shi, kafin Ingilishi ya karɓa. Akwai hujja a bayan wannan tanadi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, ya nuna cewa ba su gaza wa takwarorinsu ba har a Ingilishi. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa dukan shekaru shida na firamare, amma a Nuwamba 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye wannan manufa. Darasin tarihi ma ya sha irin wannan kai-komo: an cire shi daga manhajar ilimin farko wajen 2009, aka ƙaddamar da maido shi a 2022. Wannan jeka-ka-dawo yana wahalar da malamin aji, wanda shi ke fuskantar yaran kowace safiya.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Darasin Hausa ya ƙunshi harshe da adabi da al'ada. Akwai darasin al'adu da fasahar hannu, akwai nazarin zaman jama'a, da aikin gona, da kimiyya, da ilimin addini. Matsalar tana wani wuri. Littattafan an rubuta su ne don ƙasa baki ɗaya, saboda haka misalansu na nesa ne. Yaro a Farin Dutse yana iya gama firamare ya haddace bikin kamun kifi na Argungu, da gumakan Nok, da tagullar Binin, da hawan salla na Kano, bai taɓa jin sunan Dutsen Mesa mai zane na Birnin Kudu ba, alhali tafiyar mota ce ta ɗan lokaci daga gidansu. Kuma ko a darasin Hausa, al'ada takan koma jerin abubuwan haddacewa: matakan aure, ire-iren sana'o'i, sunayen kayan kiɗa. Yaro ya rubuta, ya ci maki, ya manta.

Misali daga Banjar

Wata al'ummar Musulmi a nesa ta fuskanci irin wannan matsala, kuma hanyar da ƙasarta ta bi abin dubawa ce. Banjar mutane ne da ke zaune a Kalimantan ta Kudu, a tsibirin Borniyo na Indonesiya, babban birninsu na tarihi Banjarmasin. Ƙasarsu ta koguna ce da fadamu, har kasuwa suke ci a kan ruwa cikin kwalekwale, kamar ta Lok Baintan a kan kogin Martapura. Suna da yadin gargajiya mai suna sasirangan, wanda ake ɗinke wa zane da zare a tsuke kafin a tsoma a rini, aikin da duk wanda ya san karofin Kano zai gane nan take. Suna da madihin, waƙar baka mai raha da nasiha wadda ake yi da ɗan ƙaramin ganga. Babban malaminsu, Shaihu Muhammad Arsyad al-Banjari, wanda ya rayu daga 1710 zuwa 1812, ya rubuta littafin fiƙihu Sabilal Muhtadin da harshen Malay cikin baƙaƙen Larabci, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka yi da ajami. Taken Banjarmasin, kayuh baimbai, yana nufin tuƙa jirgi tare, ma'anar da ta yi kusa da gayya.

Tun daga manhajar 1994, Indonesiya ta ware wani gurbi a jadawalin darussa mai suna muatan lokal, wato kayan gida. Gwamnatin tsakiya ba ta cika wannan gurbi da kanta. Lardi da gunduma da makaranta su ke zaɓar abin da za a zuba. A Kalimantan ta Kudu makarantu sukan sa harshen Banjar da fasahohin yankin. Tsarin bai rasa matsaloli ba, musamman ƙarancin malamai da littattafai, amma ya kafa ƙa'ida mai kyau: abin gida yana da sa'arsa a jadawali, yana da malaminsa, yana da makinsa. Nijeriya ba ta da gurbi mai wannan suna, sai dai hukumomin ilimi na jiha suna da damar cusa misalan gida cikin darussan da ake da su. Kudancin Jigawa kuwa ba shi da ƙarancin abin cusawa.

Duwatsun Birnin Kudu

A gefen garin Birnin Kudu akwai tarin manyan duwatsu masu rumfuna, kuma a jikin wasunsu, musamman Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da aka yi da launi, yawancinsu ja. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi na gidan tarihin Jos wanda sunansa ya haɗu da binciken Nok, shi ya bayyana su ga duniyar masana a tsakiyar shekarun 1950. Yau suna cikin wuraren tarihi na ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi, wadda ke da cibiyar bayani a garin. Akwai 'yan'uwansu a Jihar Bauchi, a Shira da Geji.

Yawancin zanen na shanu ne, kuma a nan darasi mai daɗi yake. Duk yaron da ya tashi a Gwaram ya san saniya da tozo, domin bunaji da rahaji da bokoloji duk masu tozo ne. Shanun da ke jikin dutsen kuwa ba su da tozo. Wasu dogayen ƙaho gare su, wasu gajeru. Malamin da ya tsayar da yara a gaban zanen ya tambaye su abin da ya bambanta waɗannan shanu da na rugar bayan gari, zai ji amsa kafin ya rufe baki, kuma sau da yawa ɗan makiyayi, wanda watakila shi ne mai shiru a aji, zai riga kowa. Daga wannan amsa tambayoyi ke fitowa da kansu. Ina shanu marasa tozo suka tafi? Akwai sauransu, irin muturu, a kudancin ƙasa inda ƙudan tsando ke hana masu tozo sakewa. Yaushe masu tozo suka iso? Daga baya, daga gabas. Ashe ke nan zanen ya girmi irin kiwon da aka sani yanzu. Da wannan kaɗai yaro ya koyi abin da masanin tarihi ke yi: ya duba shaida, ya kwatanta, ya yanke hukunci gwargwadon abin da shaidar ta ba shi, ya tsaya a nan.

Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗa. Su wasu falalen duwatsu ne da suka zauna a kan wasu ta yadda idan an buga su da ƙaramin dutse sukan ba da amo kamar ƙararrawa, kuma wuraren da aka daɗe ana bugu sun lotsa sun yi santsi. Fagg ya rubuta cewa a lokacinsa wuraren suna da alaƙa da bikin aure, inda 'yan matan da za a aurar kan ziyarci dutsen. Ga malamin kimiyya, dutsen kiɗa kayan gwaji ne da ba a saya da ko kwabo ba: me ya sa wannan ke amo wancan ba ya yi, me ya sa amon gefe ya bambanta da na tsakiya, me zai faru idan an dafa hannu a kai ana bugu. Ga malamin Hausa kuwa, aikin gida ne a tura yara su tambayi tsofaffin mata abin da suka ji ko suka gani game da zuwa dutsen.

Tarihin da ya fi kusa ma yana nan. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin iyaka ne tsakanin Masarautar Kano da Ningi, bayan da wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza na Tsakuwa suka bar ƙasar Kano a shekarun 1840 saboda rikicin haraji suka fake a duwatsun Ningi. Shekaru da dama ana kai hare-hare, abin da ya sa garuruwa suka yi ganuwa, wasu mutane suka koma bakin duwatsu. Sunan unguwa, da kufai, da ragowar ganuwa, da labarin inda kakannin wani gida suka fito, duk shafukan wannan tarihi ne. Sunan Farin Dutse kansa tambaya ce da ta isa darasi guda: wane dutse, a ina yake, wa ya fara zama gindinsa.

Gona, kasuwa da lissafi

Sunan jihar ma darasi ne. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, mai sauƙin noma, mai saurin shanye ruwa, wadda gero da gyaɗa da riɗi ke so. Manomi ya bambanta ta da fadama mai laka mai riƙe ruwa, ta shinkafa da rake da kayan lambu, da fako mai tauri da ruwa ke gudu a kai, da marmara. Littafin aikin gona yana raba ƙasa gida uku da sunayen Ingilishi; manomin Basirka yana raba ta fiye da haka, kuma kowane suna yana ɗauke da bayanin abin da za a shuka. Idan malami ya sa yara suka kawo ƙasa daga gonakin gidajensu, aka zuba a gwangwanaye masu huda, aka tsiyaya ruwa daidai wa daida aka ga wadda ta fi saurin zubarwa, to sunan gida da na littafi sun haɗu a wuri ɗaya, kuma yaron ya ga dalilin abin da mahaifinsa ke yi.

Gawo ya fi kowane itace cancantar darasi. Yana kaɗe ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tofo, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Manoma sun daɗe da sanin cewa hatsin gindin gawo ya fi kyau, kimiyya kuma ta ƙara bayanin cewa saiwarsa tana taimakawa wajen sa sinadarin naitirojin a ƙasa. A jihar Maraɗi ta Nijar, daga shekarun 1980, manoma sun farfaɗo da gonaki masu faɗin gaske ta hanyar barin kututturan itatuwa su tofo, a rage rassan a bar masu ƙarfi, maimakon a sassabe su ƙurmus. Wannan dabara ta yi suna a duniya, kuma tushenta sanin itace ne irin na manomi. Ajin da ya ƙirga gawo da ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da ke gonakin kewayen makaranta, ya rubuta, ya sake ƙirgawa baɗi, ya fara binciken muhalli na gaske.

Shekarar manomi tana da tsarinta: sharar gona da kai taki da bazara, binne ga mai ƙarfin hali, shuka idan ruwa ya sauka, noman firi, maimai, girbi da kaka, sussuka da shiƙa, sai rumbu. Tsofaffi suna duba iska da hadari da taurari irin su kaza da 'ya'yanta. Wasu alamomin suna ci, wasu sauyin yanayi ya rikita su, kuma makarantar da ke da ma'aunin ruwan sama, ko da na kwalba ne, tana iya gwada su shekara bayan shekara.

Lissafi kuwa yana kasuwar Sara kowane mako. Yarinyar da ke kasa lissafin ɓangarori a allo ita ce ke sayar da ƙosai ta ba da canji ba kuskure. Mudu da tiya da kwano da buhu ma'aunai ne, kuma bambancinsu daga kasuwa zuwa kasuwa shi ne mafi kyawun bayanin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kilo. Zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga noman ban-ruwa, lissafin kashi ne cikin ɗari. Rabon gado lissafin rabi ne da rubu'i da sumuni da sudusi. Adashe jadawali ne. Dara, mai gurabu talatin da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, horo ce ta hangen abin da zai biyo baya.

Harsunan da ke cikin aji

Kudancin Jigawa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Fulani na gida da na daji, akwai kuma Warjawa a ɓangaren ƙasar Birnin Kudu da ke kusa da Bauchi, masu harshen da ke dangi da Hausa cikin zuriyar harsunan Cadi. Hausa ta zama harshen kasuwa da makaranta, kuma ƙananan harsuna suna ja da baya a bakin yara. Idan aka ce hikimar gida aka tsaya kan Hausa kawai, an maimaita wa Bafulatani da Bawarje abin da ake kuka Ingilishi ya yi wa Bahaushe. Tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa da makarantunta, amma yaran Fulani da yawa suna makarantun gari ne. Abu mai sauƙi ne malami ya raba allo gida uku, yara su cika sunan itace ɗaya ko gaisuwar safe da Hausa da Fulatanci da Warjanci. Fulatanci yana da tarin kalmomi na launin saniya da siffar ƙahonta, kuma pulaaku, tarbiyyar Fulani ta kunya da haƙuri da hankali, ta dace a ajiye ta gefe ɗaya da abin da Bahaushe ke kira mutumin kirki.

Tankaɗe da rairaya

Ba duk abin da aka gada ne hikima ba, kuma makarantar da ta koyar da al'ada ba tare da tacewa ba ta cuci yara. Yankan gishiri da cire beli suna jawo zubar jini da cuta. Binciken likitoci a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da tsananin zafin wankan jego da yawan shan kunun kanwa. A ɗaya ɓangaren, hutun da ake ba mai jego, da abinci mai gina jiki, da kulawar dangi, da shayarwa mai tsawo, abubuwa ne da likitan zamani ke yabawa. Darasi mai kyau yana ɗaukar al'ada guda ya warware ta zare-zare, ya nuna abin riƙewa da abin bari, tare da dalili, ba tare da an muzanta kakar kowa ba.

Akwai kuma iyaye da malaman addini da ke ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi duwatsu da bukukuwan da, don gudun tsafi. Damuwarsu ta cancanci amsa ta girmamawa. Sanin yadda mutanen da suka rayu daban yake da yin abin da suka yi, kuma Alƙur'ani ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Fiƙihun Malikiyya yana ba al'adar gari matsayi a hukunci matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu mai yawa kan rarrabe al'adun da suka dace da waɗanda ba su dace ba, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta ilimantar da matan karkara ta hanyar waƙoƙin Hausa da Fulatanci da matan da ta horar ke kaiwa ƙauyuka. Shugaban makarantar da ya fara zama da liman da dagaci kafin ya fita da yara ba zai sha wahalar samun yardar gari ba.

Yadda za a yi a aikace

Cikas ɗin sananne ne: aji mai cunkoso, malamin da aka turo daga wani gari bai san yankin ba, rashin kuɗin mota, yaran da ke ɓacewa ranar kasuwa da lokacin shuka, da jarrabawar da ba ta tambayar abin gida. Amma yawancin aikin ba ya bukatar kasafi. Jadawalin zango yana iya bin shekarar gari, a yi ƙasa da itatuwa gab da damina, ma'auni da kasuwa da kaka, tatsuniya da tarihin baka da hunturu. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta yana iya tsara wanda zai zo aji sau ɗaya a wata: maƙeri da kayan aikinsa, ungozoma, mai saƙar faifai, makiyayi, maharbi, tsohon da ya san tarihin ganuwa. Malamin da baƙo ne a garin ya zauna ya saurara tare da yara, aikinsa shi ne ya ɗaure abin da aka ji da abin da ke manhaja. Makin aikin aji, wanda ake tarawa kafin jarrabawar ƙarshen zango, yana hannun malami, kuma yana iya ba da shi a kan irin wannan aiki. Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su ke da ɗalibai da masanan da za su iya mayar da abin da aka tara ƙananan littattafai.

Ziyarar duwatsu tana da ƙa'ida, kuma koyar da ƙa'idar rabin darasin ne. Ba a taɓa zanen da hannu, ba a zuba masa ruwa don ya fito a hoto, ba a rubuta suna da gawayi ko fenti a kusa, ba a hura wuta a rumfar dutsen. Ana zuwa ne tare da ma'aikacin hukumar tarihi, yara su kwafi zanen a takarda da fensir. Masu fasa dutse don gini barazana ce ga irin waɗannan wurare a ko'ina, kuma dutsen kiɗan da aka fasa ya tafi ke nan.

Abin da zai riƙe aikin duka shi ne littafin gari, babban littafi guda da kowace makaranta za ta ajiye. Duk abin da yara suka samo a shigar da shi: tatsuniya kamar yadda aka faɗe ta, da karin harshen wurin, ba tare da an gyara ta zuwa Kananci ba, sunan ciyawa da amfaninta da busasshen ganyenta a manne, ranar da ruwan farko ya sauka, asalin sunan unguwa, har da ruwayoyi biyu idan tsofaffi sun saɓa. A ƙarƙashin kowane bayani a rubuta wanda ya faɗa, da yardarsa, da wanda ya rubuta, da kwanan wata. Inda akwai waya a ɗauki murya, sirrin sana'a ko na magani da mai shi bai so a yaɗa ba kuma a bar masa abinsa. A yi kwafi biyu, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a gidan dagaci, domin rufin aji yakan yi yoyo kuma malamai ana yi musu canjin wurin aiki.